Me ya sa aka daddatse bakin kuɗin azurfan Rumawa amma ba a taɓa kan sarki ba?

Zainabu_T:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin tsoffin kuɗi ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai. Ina duba hotunan taskar Hoxne ne, wadda aka tono a Suffolk ta Ingila a 1992, sai na lura kuɗin azurfan nan da ake ce wa silikwa kusan dukansu an yanke musu baki zagaye, wasu kaɗan aka rage, wasu kuma an ci su sosai har rubutun ya tafi gaba ɗaya sai kan sarki kawai ya saura a tsakiya. To abin da ban gane ba shi ne in sata ce me zai sa ɓarawo ya tsaya lallaɓa fuskar sarki, ai da narkar da ita duka ya yi ya huta. In kuma ba sata ba ce waye ya sa a yi? Sannan mai kaya zai yarda ya karɓi irin wannan kuɗi kuwa alhali yana gani da idonsa an cinye kusan rabinsa? Kuma wai a Birtaniya kaɗai ake samun haka ko har sauran daular Rum? Na gode.

Malam_Sulalla:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu fara da ita silikwar tukuna kafin mu zo kan yankan. Tun zamanin Konstantin na farko ake buga ta, amma wadda kike gani a hotunan nan ƙaramar ce, wadda Konstantiyus na II ya rage mata nauyi a shekarun 350, ta dawo wajen giram 2, faɗinta milimita 17 zuwa 18. Azurfa ce mai kyau sosai, shi ya sa daga wajen 367 za ki ga an ƙara PS a bayan sunan garin da aka buga ta, wato tatacciyar azurfa, TRPS na Trier, MDPS na Milan, haka dai. Sama da ita akwai miliyarensi wadda ta fi ta girma, sama da su duka akwai solidus na zinariya mai giram 4.5, guda 72 a laba ɗaya ta Rumawa.

A Hoxne sulalla 14,865 aka samu, 569 zinariya ne, miliyarensi 60, tagulla 24, sauran 14,212 duk silikwa, ga cokulan azurfa da kayan ado na zinariya duk a cikin akwatin katako. Wanda ya gano ta ma gudumar da ta ɓace a gona yake nema da na'urar gano ƙarfe, yanzu gudumar tana gidan tarihin Birtaniya tare da taskar. Kuɗi mafi sabunta a ciki na Konstantin na III ne na 407 zuwa 408, kenan ba a binne akwatin kafin wannan lokacin ba.

To ki riƙe wannan, Birtaniya ba ta buga kuɗinta a lokacin, daga ƙetaren teku ake kawo mata, Trier da Lyon da Arles da Milan, kuma gwamnati ce ke kawowa don biyan soja da ma'aikata, daga nan ya zaga ya koma mata ta hanyar haraji. Babban zubi na ƙarshe da ya shigo shi ne na Milan da sunan sarakuna biyu 'yan uwan juna, Arkadiyus da Honoriyus, tsakanin 395 da 402. Daga 402 fadar sarki ta koma Ravenna, kuɗi ya daina zuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. A ƙarshen 406 ƙabilu suka tsallako kogin Rhine, a 407 sojan Birtaniya suka naɗa Konstantin na III ya kwashi runduna ya haye Gol, wato yankin Faransa ta yau, bai dawo ba aka kashe shi a 411. Mutane sun saba da kuɗi ɗaruruwan shekaru, kwatsam famfo ya rufe, abin da ke hannu shi ke nan. Ni a nan nake ganin amsar tambayarki take. Kuma eh, galibin yankakkun a Birtaniya ake samun su, waɗanda ake gani a waje ma ana ɗaukan daga can suka fita.

Abu_Fahad:
Malam da girmanka amma ni fa ban ga wani abin ɗaure kai a nan ba, sata ce kawai irin ta ko da yaushe. Duk inda aka yi kuɗi da azurfa ko zinariya ba tare da an yi masa tsaga-tsaga a baki ba sai an samu masu gutsura, Ingilan ma ai a ƙarni na 17 abin ya ishe su har sai da suka sake buga tsoffin kuɗin azurfan ƙasar a 1696, lokacin da Isaac Newton ya shiga aikin gidan buga kuɗi. Su kansu Rumawa suna da doka a kai tun ƙarni na 4, tana nan a kundin dokokin Tiyodosiyus, wanda ya rage bakin solidus hukuncinsa kisa ne. Hukuma ba ta kafa doka a kan abin da ba a yi. Batun barin fuska kuma 'yar uwa ai wayo ne ba ladabi ba, in ya narkar da ita duka giram 2 ya samu shi ke nan, in ya gutsuri kaɗan ya kashe sauran a cikakken farashi ya ci riba biyu, ga kuɗi ya wuce ga azurfa a aljihu. Da hukuma ta yi rauni babu mai kamawa sai kowa ya ɗauki almakashi, iyakarta kenan.

DanMaƙera77:
Yaya Abu_Fahad bari in sa baki don ina da guda ɗaya a hannuna, na saya wajen dillali mai lasisi da takardarta, kuma ni aikin azurfa na sani. Tawa giram 0.8 ce, faɗinta bai kai milimita 12 ba, kamar farcen ƙaramin yatsa take. In ka sa ta ƙarƙashin tabarau mai ƙara girma za ka ga bakin ba da'ira ba ce sumul, gajerun yanka ne miƙaƙƙu a jere kowanne ya haɗu da na kusa da shi da ɗan kusurwa, wato ana yanka ana juya ta a tsakanin yatsu, daga baya kaifin ya ɗan mutu saboda gogayya da hannu. Rubutun gaba duk ya tafi sai ƙafafun haruffa biyu uku a bayan ƙeya, amma hanci, haɓa, kambin lu'ulu'u da igiyoyinsa biyu da suka sauko ta baya, ko ɗaya ba a taɓa ba, yankan ya zo daf da hancin ya tsaya cak.

Juya bayanta kuma ka ga ɓarna. Roma ce, wato siffar macen da ke wakiltar birnin Rum, zaune a kan sulke riƙe da mashi, amma an fille mata saman kwalkwali, layin ƙasa inda sunan garin yake ya tafi ɗungurungum. Wannan ya nuna maka mai yankan fuskar yake kallo lokacin da yake aiki, bayan bai dame shi ba, kuma haka masu nazarin Hoxne suka gani a dubban sulalla ba a tawa kaɗai ba.

Abin da ya hana ni yarda da maganarka gaba ɗaya shi ne wannan, mai gutsura a ɓoye so yake kar a gane, ɗan kaɗan yake ɗauka ya bi da magagari ya goge ya shafa mata datti. Wanda ya cire fiye da rabin nauyin kuɗi ba ɓoyewa yake ba wallahi, makaho ma in ya shafa zai ji. Kenan wanda ya yanka ya san za a karɓa a haka, wanda ya karɓa shi ma ya san gaba za a karɓa daga hannunsa. Kuma ka tambayi kanka me ya sa zinariyar da ke kwance a akwati ɗaya da su da wuya ka ga an taɓa ta, alhali ita ce riba, gutsure ɗaya nata ya fi na silikwa da yawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Malam_Sulalla:
Madalla DanMaƙera, ka kawo mu inda nake so. Abu_Fahad ba wai ka yi kuskure duka ba ne, tabbas akwai masu gutsura don kansu, ba a rasa su ba a kowane zamani, kuma dokar da ka kawo gaskiya ce sai dai ka lura a kan zinariya take magana. Zinariya awo ake yi mata, mai karɓar haraji sikeli yake sawa, in ka rage ta kanka ka cuta. Ita kuwa silikwa alamu sun nuna ƙirga ta ake yi, ɗaya biyu uku, muddin kan sarki na nan kuɗi ce. Shi ya sa fuskar ta tsira, ita ce shaidar cewa wannan abu kuɗi ne ba guntun ƙarfe ba, ba lallai don ana ƙaunar Honoriyus ba, yaro ne ma ɗan shekara goma da ubansa ya rasu a 395 kuma bai taɓa taka tsibirin ba.

Sai wani abu da mutane ba sa lura da shi. A cikin silikwar Hoxne akwai 428 da ba gidan buga kuɗin gwamnati ne ya yi su ba, kwaikwayo ne da aka buga a gida, za ki gane su da karkataccen rubutu da fuskar da ba ta zauna daidai ba. Amma da aka gwada ƙarfensu sai aka ga azurfa ce mai kyau irin ta asalin, ba dalma ba ce aka shafa wa azurfa. Mai jabu don cuta ba ya zuba azurfa tsantsa, ina ribarsa? Peter Guest wanda ya yi nazarin kuɗin taskar ya fitar da littafi a 2005 yana cikin masu ganin azurfar da ake yankewa ita ake narkawa a buga sababbi da ita. Ki yi lissafi ki gani, silikwa 1,000 in aka cire rabin giram daga kowacce an samu giram 500, ya isa a buga wasu 250 masu cikakken nauyi, ga dubun farko suna nan suna yawo ba su ragu a ƙirga ba. Kuma su kansu na kwaikwayon daga baya an bi su da almakashi.

Waye zai iya tara kuɗi da yawa haka ya yanka ya kuma tilasta a karɓa? Ba talaka a ɗakinsa ba. Sai wanda kuɗi ke bi ta hannunsa da yawa, masu karɓar haraji, manyan gari, masu manyan gonaki, ko duk wanda ya gaji biyan 'yan sojan da suka rage bayan an kori jami'an Rum a 409 kamar yadda marubucin tarihi Zosimus ya ba da labari. Ni dai ra'ayina kenan, aikin masu iko ne da suke neman azurfa ba tare da sun kashe kuɗin da ke yawo ba, ƙananan ɓarayi suka bi sahu.

Anti_Rakiya:
Sannunku da ƙoƙari. Ni inda nake so a tsaya a kai shi ne yaushe, don duk gardamar nan a kansa ta rataya. In tun shekarun 380 ake yankan nan lokacin da gwamnati ke da ƙarfinta to maganar Malam ta yi rauni, in kuwa bayan 402 ne ko bayan 407 to ta zauna daram. Masana ma sun rabu a nan, Andrew Burnett tun 1984 ya danganta abin da ƙarshen mulkin Rum a tsibirin, wasu kuma na ganin an fara tun kafin nan sai dai ya ƙazanta daga baya.

Abu biyu ne suka ja ni ɓangaren masu cewa daga baya ne. Na farko taskar Stanchester da aka samu a Wiltshire a 2000, silikwa sama da 1,100 ne a ciki, kuɗinta na ƙarshe na 406 ne, kuma ba a yanke su ba. Na san za a ce ƙila mai ita ajiya ya yi tun suna sababbi bai bar su sun zaga ba, ko kuma ya zauna ya tsince masu kyau ya kashe yankakkun, kuma hakan na yiwuwa don kowa haka yake yi, mai kyau a ɓoye mara kyau a kai kasuwa. Amma dai ta nuna a 406 mutum na iya tara silikwa dubu lafiyayyu.

Na biyu ya fi ƙarfi a wajena. A Hoxne in ka ɗauki kuɗin shekarun 350 da na 390 ka kwatanta, yawan abin da aka yanke kusan ɗaya ne. Da a ce shekara hamsin ake ta gutsura a hankali ai tsofaffin ne za su fi cinyewa tunda sun fi daɗewa a hannun mutane, sababbin su fi lafiya. Tunda ba haka ba ne kenan tsoho da sabo tare suka gamu da almakashi, bayan duk sun riga sun haɗu a jaka ɗaya.

Wani abin kuma da ke damuna da yadda ake karanta taskokin nan, mutane sai su ga kuɗin ƙarshe 408 su ce an binne a 408. A'a. Tunda sabon kuɗi ya daina shigowa, akwatin da aka binne a 410 da wanda aka binne a 440 duk kuɗin ƙarshensu ɗaya zai kasance, agogon ne ya tsaya ba rayuwa ba. Yankan nan shi ne kusan abin da ya rage da za a auna tsawon lokacin da kuɗin ya ci gaba da aiki, don yanka hawa-hawa, a rage yau a sake ragewa gaba, yana buƙatar lokaci da hannaye da yawa.

Zainabu_T:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Anti maganar agogon nan ta buɗe min ido sosai. Amma har yanzu saura tambayata ta mai kaya, ina shaidar cewa da gaske an yi ciniki da su ba wai a akwatin masu kuɗi kawai suka zauna ba? Kuma Malam ka ce ana samunsu a waje, ina da ina, ta yaya suka je?

Malam_Sulalla:
Shaidar tana cikin waɗanda ake tsinta ɗai-ɗai ƙanwata. Tun 1997 akwai tsarin da masu na'urar gano ƙarfe a Ingila da Wales ke kai abin da suka tsinta a rubuta, kuma an rubuta yankakkun silikwa masu yawa da aka samu guda-guda a gonaki da tsoffin ƙauyuka da gefen tsoffin hanyoyi, musamman kudu da gabashin Ingila. Kuɗin da ke kulle a akwati ba ya faɗuwa a hanya, wanda ake ciro shi daga jaka ana miƙawa shi ke faɗuwa. Ki haɗa da abin da DanMaƙera ya ce na kaifin bakin tasa da ya mutu, bayan yanka ta ci gaba da shiga hannu kenan. Sai dai kar mu zarce, silikwa ko yankakkiya ba kuɗin sayen ƙananan abubuwa ba ce, tagulla ce ta wannan aikin kuma ita ma a wajen 402 ta daina zuwa, don haka inaga manyan biya ne, haya, haraji, albashin masu gadi, fansa, irin waɗannan.

Na waje kuma labarinsu daban ne kuma a nan ne za ki ga inda kuɗin ya mutu. A Traprain Law ta Scotland a 1919 an tono azurfar Rumawa sama da kilo 20, kwanuka da kofuna da aka sassare aka lanƙwashe, a cikinsu ga 'yan yankakkun silikwa. A kusa da Coleraine ta arewacin Ireland a 1854 an samu silikwa wajen 1,500 tare da sandunan azurfa da sassararrun kwanuka. Har Denmark an same su cikin irin wannan tarkacen azurfa. Waɗannan wurare ba su taɓa zama ƙarƙashin harajin Rum yadda kudancin Birtaniya ya zauna ba, su a wajensu kan sarki ba ya ƙara komai, sikeli ne ke magana. Ko ganima ce, ko biyan sojan haya, ko abin da ake ba shugabanninsu don a zauna lafiya, duk ukun sun faru a zamanin. Amfaninsu gare mu shi ne tunda galibin yankan aikin Birtaniya ne, inda aka ga yankakkiya ana ɗaukan ta bi ta tsibirin kafin ta isa can.

A cikin Ingilan ma ƙarshenta haka aka koma, taskar Patching ta Sussex da aka samu a 1997 tana da kuɗin da ya kai shekarun 460 amma haɗe da zobban zinariya da guntayen azurfa, wato an koma awo. A kaburburan Anglo-Sakson kuma, wato mutanen da suka zauna Ingila bayan Rumawa, za ki ga silikwa an huda ta an rataya a wuya. Ba a sake buga kuɗin azurfa a Ingila ba sai ƙarshen ƙarni na 7.

Abu_Fahad:
To Malam na ji, batun na kwaikwayon nan masu azurfa mai kyau ya ɗan sassauta ni, don ban da amsarsa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ba sai da umarnin wani babba ba, in kowa ya ga maƙwabcinsa na yanka ana karɓa shi ma zai yanka, a hankali ta zama al'ada ba tare da kowa ya zauna ya tsara ba, kuma babu rubutu ko ɗaya daga zamanin da ya ce wane ne ya ba da umarni. DanMaƙera taka ɗin ta wane sarki ce, ka iya ganewa kuwa tunda sunan ya tafi?

DanMaƙera77:
Yaya tsakanin Arkadiyus da Honoriyus take, na kasa raba su, don masu sassaƙa hatimin lokacin ba kamannin mutum suke bi ba, fuska ɗaya ce ta saurayi mara gemu suke yi wa kowa, suna ne kawai ke bambanta su kuma shi aka yanke. Da mai gemu ce da an huta, ko Juliyan ko Yujiniyus. Bayan ne ke ɗan taimakawa, in Roma na fuskantarka a kan kujera riƙe da dunƙulen duniya to ka fara tunanin zamanin Magnus Maksimus, 383 zuwa 388, tawa kuwa a gefe take zaune kan sulke da ɗan gunkin nasara a tafin hannu, irin wanda aka buga a Trier da Milan a shekarun 390. Dillalin ya rubuta Milan a takardar saboda salon sassaƙar. In akwai mai littafin Guest a nan dan Allah ya duba min hotunan na Milan ɗin, zan ɗauki bayanta da haske daga gefe in ɗora anjima don ƙafafun haruffan su fito, in ƙafa biyu ne a tsaye na H to Honoriyus ne, in kuma a buɗe suke kamar na A to yayansa ne.